Muhawara: Wai Tauraro Ne Ya Halicci Ƙarfe?

Malamin Kimiyya, Gusau: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Wani uba ya kai ƙarata wurin shugaban makaranta, wai ina cusa wa ɗansa shirme, don na ce taurari ne suka halicci ƙarfen da ke cikin jininmu. To ku saurara. Tauraron da nauyinsa ya ninka na rana sau 8 ko fiye, haidirojin yake ƙonawa ya zama hiliyam, daga nan kabon, oksijin, silikon, har a kai ga ƙarfe. Nan wutar ke tsayawa, domin haɗa ƙarfe ba ya ba da zafi, cinye shi yake yi. Sai cikin tauraron ya rufta, ya tarwatse. A fashewar nan ake samun wani sinadari mai rikiɗa da kansa, nikel-56, ya juye wani sinadarin, kobalt-56, shi kuma duk kwana 77 rabinsa ya zama ƙarfe yana fitar da hasken da ake kira gamma, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Na'urori sun kama hasken nan daga tauraron da aka ga fashewarsa ranar 23 ga Fabrairu 1987. Ina shirmen yake?

Ɗan Liman: Malam, "halicci" fa ka ce. Yi istigfari. Mahalicci ɗaya ne.

Malamin Kimiyya: Sababi nake nufi, ɗan'uwa. Kowa ya san wa ya halicci tauraron.

Ɗan Liman: Da ka ce "ta hanyarsa aka samar". A gaban yara kake magana.

Anti daga Talata Mafara: Haba, kullum muna cewa injiniya ya ƙirƙiro abu, wa ya taɓa tada jijiyar wuya?

Ɗan Liman: Anti, ƙirƙira daban, halitta daban.

Baba na Ƙaura: Yaron nan ya fi ku gaskiya. Boko ba hauka ba ne, sai a iya baki.

Ɗan Anka: Ni tambayata zinaren da muke haƙa. Shi ma daga can ne? Ko hasken nan ne ya kashe mana yara a Bagega?

Malamin Kimiyya: A'a. Gubar dalma ce, daga niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, a 2010. Kobalt ɗin da ya samar da ƙarfen duniyarmu ya gama juyewa tun kafin a yi duniya. Zinare kuwa, karon taurarin niyutron biyu (wato ragowar manyan taurarin da suka fashe) da aka gano a 2017 ya nuna a irin wannan karon ake samun ƙarafa masu nauyi.

Ɗan Anka: Ɗaruruwan yara muka binne, ku 'yan Gusau kuna can kuna kallon sama.

Anti: Wa ya ce maka ba mu zo gaisuwa ba? Ƙanwar mijina a Anka take aure.

Ɗan Anka: Gaisuwa ce za ta kwashe ƙasar mai guba?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: Malam ya yi kuskuren lafazi, Ɗan Liman ya gyara masa, Baba kuma ya tabbatar. Uban yaron na da hujja. Batun kobalt a bar shi a aji. An rufe wannan magana.