Magena mai ciwon daji a hanci ta kasa numfashi da dare, me zan yi mata?

Mai tambaya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar likitocin dabbobi da ke cikin wannan zaure. Magena shekararta 12, yanzu ta rame nauyinta bai wuce kilo 3 ba. Likita ya duba ta ya ce ciwon daji ne a cikin hancinta, kuma ya yi nisa, babu zancen warkewa sai lallaɓawa. Na rungumi ƙaddara. Abin da ke hana ni barci shi ne toshewar hancin. Da dare sai ka ji tana jan numfashi da kyar, majina mai kauri ta bushe ta liƙe ƙofar hancin dama, wani lokaci har da ɗigon jini. Tun jiya idan na ajiye mata abinci sai ta sunkuya ta shinshina ta juya baya. Ga hunturu ya shigo da ƙura. Maƙwabciyata ta ce in shafa mata Robb, ko in jiƙa rabin Procold in ɗura mata. Ban yi ba tukuna, na ce sai na ji daga bakinku.

Likitan dabbobi, Gusau

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ki ladan jinya. Gara da kika tambaya kafin ki ɗura mata komai. Procold da yawancin magungunan murar mutane akwai paracetamol a cikinsu, ita kuwa hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Ƙwayar manya miligiram 500 ce, rabinta ya isa ya kashe mage mai kilo 3: jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Robb da Mentholatum da duk man da ke da kafur ko ƙanshin ganyen turare su ma ki nisanta su da ita. Suna ƙona fatar cikin hanci, kuma duk abin da aka shafa wa mage lashe shi za ta yi.

Abu biyu ne suka toshe hancin nan. Akwai tsiron kansa, wannan ba abin da za ki yi masa a gida. Sannan akwai majina da kumburin da suka taru a ɗan wurin da ya rage, a nan ne aikinki yake.

Ki fara da ɓawon da ya bushe. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ki ɗora a ƙofar hancin kamar minti ɗaya ba tare da gogawa ba, sai ya yi laushi sannan ki share a hankali zuwa ƙasa. Idan kika ɓamɓare shi a bushe fatar za ta biyo shi, jini ya ɓalle. Bayan kin gama ki ɗan taɓa bazalin da bakin yatsa a gefen ƙofar hancin, daga waje kawai.

Sai ruwan gishiri. Ki je kemis ki ce a ba ki normal saline, mai gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, irin wanda ake ƙara wa marasa lafiya, tare da sirinji mai mililita 1. Ki cire allurar ki yar. Ki naɗe magen a tawul, ki ɗaga haɓarta kaɗan, ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofa, sau biyu zuwa uku a rana. Za ta yi atishawa, ita ake nema, don ita ke fito da majinar. Ɗigawa za ki yi, kada ki fesa da ƙarfi, kada kuma ki kwantar da ita rigingine, ruwan na iya wucewa huhu. Idan dare ya yi ba ki samu na kemis ba, ki tafasa ruwan leda ɗaya na fiya wata, mililita 500 ke nan, ki zuba gishiri giram 4.5, wato kashi uku cikin huɗu na cokalin shayi a shafe. Ya huce kafin ki yi amfani da shi, washegari ki zubar ki haɗa sabo. In gishirin ya yi yawa zafi zai yi mata, ruwa zalla ma haka.

Sirace kuma ga yadda ake yi wa mage. A sa ta cikin keji ko kwando mai murfi, a ajiye roba da ruwan zafi a waje, tazarar kamu ɗaya daga ƙofar kejin, a lulluɓe su duka da zane amma a bar gefe ɗaya a buɗe. Minti 10 zuwa 15, safe da dare. Ruwa tsura, kada a jefa ganye ko man komai a ciki.

Ma'aikaciyar jinyar dabbobi, Argungu

Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Ni ƙin cin abincin ne ya fi tsaya mini a rai. Mussa da hanci take ci. Ba yunwa ce ba ta ji ba, kin ga ai har gaban kwanon take zuwa, ƙanshi ne ba ya isa gare ta. Don haka ki jera abubuwan da Likita ya faɗa haka: sirace, share hanci, ɗigon gishiri, sannan abinci nan take, lokacin da hanyar ta ɗan buɗe.

Ki dafa kifi ko tsokar kaza da ruwa kawai, ki cire ƙaya tas, ki murje da romonsa ya zama kamar kunu mai kauri. Kifin gwangwani ma ya yi idan kin tsiyaye man. Ki ɗumama daidai ɗumin jiki, ki gwada a bayan hannunki, ɗumin ne ke tayar da ƙanshi. Kada albasa ko tafarnuwa ko magi su shiga, albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage, don haka romon tukunyar gida ya haramta mata. Ki zuba a faranti mai faɗi, ki ɗora kan wani abu ya kai tsayin ƙirjinta, saboda sunkuyawa na sa majina ta gangaro ta sake toshe hanyar. Cokali ɗaya ko biyu, sau biyar ko shida a rana. In ta ƙi, ki lakato da yatsa ki shafa mata a leɓe, sau da yawa ɗanɗanon ne ke buɗe mata baki. Ɗura da ƙarfi ban yarda da shi ba ga wadda hancinta ke toshe, da me za ta yi numfashi bakin na cike?

Kada ki bari ta haura kwana biyu ba ta ci ba, domin kitse kan taru a hantar mage mai azumi, wata cutar ce kuma ta daban. Ruwa tana bukatar kusan mililita 150 a rana a nauyinta, har da wanda ke cikin abinci.

Ɗakin da take kwana kuma a daina kunna turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi, fiya-fiya ma kada a fesa. A yayyafa ruwa kafin shara, a rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da makwancinta don iskar ta yi laushi.

Malamin kiwon lafiyar dabbobi, Zuru

Ina da gyara ɗaya a kan sirace, Likita ka gafarce ni. Ranar da aka ga jini a bar shi, ɗumi na buɗe jijiyoyi ya ƙara haɓon. A ɗora tsumma mai sanyi a karan hancin na minti biyar. Idan bazara ta shigo kuma, lulluɓe mage da tururi da rana a garinku haɗari ne, sai dai da asuba.

Hajiya, ki koma wurin likitan da ya duba ta ki tambaye shi maganar prednisolone. Ciwon dajin da ya fi kama cikin hancin mage shi ne wanda ake kira limfoma, shi kuwa wannan magani yakan sa ya ɗan saɓe na wani lokaci, ya rage kumburi, ya kuma buɗe cin abinci. Akan ba da miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo a rana, amma likita ne zai yanke. Sharaɗinsa kada a haɗa shi da magungunan zafin ciwo da kumburi irin su meloxicam ko piroxicam, haɗin kan jawo gyambon ciki. Idan majinar ta koma kore ko rawaya tana wari, ƙwayoyin cuta sun hau kan tsiron. Likita zai iya rubuta doxycycline, kuma duk lokacin da aka ba ta ƙwayar a bi ta da ruwa mililita 5, in ba haka ba takan maƙale ta ƙona maƙoshi. Ki tambayi maganin zafin ciwo ma, don ciwon nan yana cin ƙashin fuska, mage kuwa ba ta kuka, ɓuya take yi. In ana bukatar hoton kai, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato shi ne kusa da ku.

Mai tambaya, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi siracen da ɗigon, ta yi atishawa sau huɗu, ta lashe cokali biyu na kifi. Likita, ta yaya zan gane abin ya fi ƙarfin gida?

Likitan dabbobi, Gusau

Alhamdulillah. Gyaran Malam daidai ne, ki bi shi. Idan ta yi barci ki kalli haƙarƙarinta, tashi da sauka ɗaya numfashi ɗaya ne. Ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu, ki rubuta kullum. Ƙasa da 30 a minti lafiya, ya haura 40 ki kira likita ranar. Mage ba kare ba ce, ba ta haki haka kawai. In kin ga ta buɗe baki tana numfashi, ta miƙe wuya, ko dasashinta ya yi fari ko shuɗi, ko haɓo ya wuce minti goma bai tsaya ba, ki ɗauke ta a lokacin, cikin kwando mai shan iska, kada ki matse ta a ƙirji.

Akwai ranar da tsiron zai cike hanyar har ɗigo da sirace su daina aiki, alamarta ita ce ta kasa kwanciya, ta kwana a zaune tana gyangyaɗi. Tun yanzu ki zauna da likitanki ku yi maganar abin da za a yi ranar, har da allurar da ke raba dabba da wahala ta mutu cikin sauƙi. Idan zuciyarki na da tambaya a kan hukuncinta, ki kai wa malamin da kika yarda da shi tun kina da natsuwa. Ki kuma karɓi lambar da za ki samu likitan da dare.