Wace bindiga ce ta dace da ragon dutse?

Dan_Wunti:
Salam yan uwa. Yayana da ke zaune a Texas ta Amurka ya ce in na je masa ziyara zai kai ni farautar ragon dutse, irin wanda ake samu a duwatsun Air na Nijar, ashe an kai su can tuntuni sun hayayyafa. Ni fa iyakacina mai baki biyu da adakar Baba, zabi da gada muke harbi wajen Alkaleri tun ina yaro. Yanzu ya ce in zaɓa tsakanin bindigogi masu cin harsashin 6.5 Creedmoor, .270 da .300 Magnum, wallahi kaina ya ɗaure. Don Allah masu sani ku taimaka.

Sarkin_Baka_Jnr:
Wslm. Abu na farko ka cire adaka a ranka, can ba harbin kusa bane, dabbar nan idonta kamar na shaho, kan dutse take tsayawa ta hango ka tun kana nesa, sai ka ga dole ka harba daga mita 200 ko 300. Ni .270 zan ce maka, tun 1925 ake aiki da ita, harsashinta na tafiya a miƙe kuma bata dukan kafaɗa sosai. Magnum kam ka barta, wanda bai saba ba in ta nushe shi sau biyu sai ya fara runtse ido kafin ya danna kunama, shikenan ka raunata dabba ta gudu ta mutu cikin wahala, wannan abin yana min ciwo sosai.

Maman_Walid:
Baban Walid yace a gaya maka ƙaton ragon yakan haura kilo 100, ƙirjinsa kauri gare shi, shi .308 ko .30-06 ya fi yarda da su akan 6.5 ɗin. Kuma wai ka duba nauyin bindigar da madubinta na hangen nesa, hawan dutse zaka wuni kana yi, abinda ka ɗauka da safe ba nauyi kafin la'asar ya zama turmi.

Dan_Wunti:
Na gode Hajiya, a gaida Alhaji. To maganar yanka fa? Kafin in sauka kwari in kai wajenta ai ta riga ta mutu.

Abu_Hanan:
Ka yi bismillah lokacin harbi, in ka tarar da sauran rai ka yanka nan take, wuƙa ta kasance a ƙugunka ba cikin jaka ba. Sannan yayanka ya yankar maka lasin farauta na jihar kafin ka taɓa bindiga, baƙo ne kai. Kuma kar ka kuskura ko kwanson harsashi ɗaya ya biyo ka cikin kaya, a filin jirgi ba mai sauraron bayani.

Sarkin_Baka_Jnr:
Ka samu kwana biyu kana gwaji a filin harbi tukuna, kana kwance bindiga kan jakarka.