Prima donna: zabiya ce ko 'yar sai-da-ni?

Jama'a, ga wata kalma da ke ba masu fassara labarin ƙwallo da na siyasa wahala: prima donna. Da ita ake kiran ɗan wasan da ya ƙaurace wa atisaye don an ajiye shi a benci, ko ma'aikacin da kullum sai an bi shi da lallashi. Kafin mu raɗa mata suna da Hausa, mu san asalinta.

Italiyanci ce. Prima, ta farko, donna, mace. Daga opera ta fito, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, wanda ya soma a Italiya wajen 1600. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko da kowa zai biya kuɗi ya shiga, a birnin Venice, daga nan mai muryar da ke tara jama'a ta san farashinta. Prima donna ita ce babbar mawaƙiyar ƙungiya, namijin kuma primo uomo. Muƙami ne, babu zagi a ciki.

To ta ina halin ya shigo? Ta ƙofar kuɗi. Ranar da ta ce ba ta fitowa, wasa ya mutu. Mawaƙiya Francesca Cuzzoni ta ƙi rera wata waƙa da Handel, mai tsara waƙoƙin opera, ya tsara mata a Landan, har mai rubuta tarihinsa ya ruwaito cewa ya yi barazanar wurgo ta ta taga. A watan Yunin 1727 magoya bayanta da na abokiyar hamayyarta Faustina Bordoni suka cika gidan wasa da ihu da fito har wasa ya watse, alhali Gimbiya Caroline ta gidan sarautar Ingila na zaune a wurin. A ƙarni na 19 Adelina Patti kan karɓi dala 5,000 a dare guda, kuma sai kuɗi sun shiga hannu take fitowa.

Akwai kuma wadda aka zalunta da sunan. Ranar 2 ga Janairun 1958 Maria Callas ta tsayar da wasa a Roma bayan kashi na farko, shugaban Italiya Giovanni Gronchi na cikin 'yan kallo. Jaridu suka yi mata ca, ita kuwa ciwon maƙogwaro ne ya cinye mata murya. Abin yana sosa min rai, shi ya sa ba na so mu cusa sana'ar da halin cikin kalma ɗaya.

Sana'ar ba sai mun ƙirƙiro ba. Muna da zabiya, mai ba da waƙa 'yan amshi na karɓa. A ce babbar zabiyar opera, an gama.

Sunan halin ne ake ta kai-komo a kai. Wata 'yar'uwa ta kawo mowa. Hajiya, mowa ai son miji ne ya ɗaga ta, haka 'yar lele gatan iyaye ne. Prima donna kuwa gwanintarta ce ta saya mata matsayi. Wani malami ya ce ɗan ba-ni-na-iya. Allah gafarta Malam, shi wannan cika baki ne da shisshigi, ya karɓi aiki ya ɓata. Prima donna ta iya ɗin, ta kuma san ta iya, sai ta riƙe kowa da iyawar. Jan aji ya kusa, amma bai nuna tafiyar jama'a ce ake tsayarwa ba.

Ni abin da na kawo shi ne sai-da-ni, daga maganar nan ta mai cewa ba a yi sai da ni. Ya bi ƙirar ba-ni-na-iya, kuma yana karɓar namiji da mace da jam'i: ɗan sai-da-ni, 'yar sai-da-ni, 'yan sai-da-ni. Ku gwada a rahoto: “Koci ya ce ba zai lamunci halin sai-da-ni a ƙungiyarsa ba.” Masu aikin rediyo, ku faɗa da baki ku gaya mana ko ya zauna a harshe.