Na gasa ƙwayar Mg(OH)₂ sai wutar lantarki ta daina ratsa ta, ina matsalar take?

Ɗalibar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum. Furojet ɗina a kan sinadarin Mg(OH)₂ ne, wato magnesiyam haidurokisaid. Na danne garin ya zama ƙwaya kamar ta Panadol, na auna, na ga wuta na ɗan ratsa ta. A watan Agusta ne, lokacin da ko gishirin kicin ɗinmu jiƙewa yake yi. Da na sa ta a tanda awa biyu a digiri 120 na ma'aunin Celsius, sai mita ta yi tsit. Na bar ta kan tebur kwana biyu, wutar ta dawo. Na lalata sinadarin ne, ko mitar ce ke raina min hankali?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yata, ba ki lalata komai ba. Ruwa iri biyu ne a nan. Akwai danshin da ya lafe a jikin ƙwayoyin garin, shi ne hanyar wutar: furoton, wato ƙwayar haidurojin mai caji, na tsallakawa daga wannan ƙwayar ruwa zuwa waccan, kamar masu miƙa bokiti hannu da hannu wurin kashe gobara. Wani masanin kimiyya mai suna Grotthuss ya kawo wannan tunanin tun farkon ƙarni na 19. Digiri 120 danshin nan kawai ya kora, iskar damina kuma ta mayar miki da shi.

Na biyun yana cikin ginin sinadarin kansa, wato OH, haɗin oksijin da haidurojin. Ba ya fita sai zafi ya haura digiri 300, kuma idan ya fita MgO, wato magnesiyam okisaid, ne a hannunki, nauyi ya ragu da kusan kashi 31 cikin ɗari. Ki auna nauyin kafin gashi da bayansa, sikeli ba ya ƙarya.

Mai Gyaran Hita:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ashe shi ya sa! Farin garin da ke cikin ƙarfen hita MgO ne, an zuba shi don ya tare wutar lantarki. In hita ta daɗe a ajiye ta sha danshi, sai jikinta ya riƙa jan mutum. Mukan gasa ƙarfen ya bushe, mu sake gwadawa da mega, na'urar gwada yoyon wuta.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Na gode Malam. Kenan duk haidurokisaid ɗin da ya rasa ruwa wuta ba ta bi ta cikinsa?

Tsohon Malamin Kimiyya:
A'a, kada ki yi musu kuɗin goro. Cu(OH)₂, haidurokisaid ɗin jan ƙarfe, shuɗi ne, tun wajen digiri 80 yake rikiɗewa ya koma baƙin CuO, shi kuwa yana barin wuta ta ɗan wuce. Ki adana ƙwayarki a kwalba mai silika jel (sinadarin da ke tsotse danshi) kafin awo na gaba.