Gambarar 'yan daba ko gambarar daba? Neman Hausar gangsta rap

Mai Fassara:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ana shirya taƙaitaccen tarihin mawaƙin nan na Amurka, Ice-T, da Hausa, sai kalma ɗaya ta tsaya a hanya, wato gangsta rap. Ɓangaren rap ba shi da matsala, gidajen rediyo sun daɗe suna cewa gambara ko gambarar zamani, kunne kuma ya saba. Gangsta ɗin ne kowa da abin da yake rubutawa: wasu gambarar 'yan daba, wasu gambarar 'yan ta'adda, wasu waƙar tsageru, wasu kuma su bar shi da Turancinsa.

Ga mutumin da ake magana a kai, don a auna kalmar da shi. Sunansa na yanka Tracy Marrow, an haife shi a 1958 a Newark ta jihar New Jersey. Iyayensa biyu sun rasu yana yaro, aka kai shi wurin dangi a Los Angeles, ya yi sakandare a Crenshaw, unguwar da 'yan Crips da Bloods, ƙungiyoyin samarin unguwa masu gaba da juna, suka yi ƙarfi. Ya yi aikin soja a Hawaii. Waƙarsa ta 1986, 6 in the Mornin', ita ake lissafawa cikin tushen wannan salo, faifansa na farko kuma, Rhyme Pays, ya fito a 1987. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan duka ba tare da ta yi ƙarya ba?

Malamar Adabi:
Wa alaikumus salam Malam. A fara cire waɗanda ba su da wurin zama. Ta'adda a Hausar yau ta koma kan Boko Haram da ire-irensu, duk wanda ya ga "gambarar 'yan ta'adda" zai ɗauka waƙar masu tayar da bam ce. Tsageru kuma jaridu sun jingina ta ga masu fasa bututun mai na Neja Delta. 'Yan jagaliya na siyasa ne, biyansu ake yi su tarwatsa taro, su kuwa ƙungiyoyin Los Angeles ba 'yan siyasa ne suka kafa su ba. 'Yan bindiga ma ta tafi daji tuntuni.

Daba ce ta rage, kuma ba don rashin wata ba. Daba a asali matattara ce, wurin da samari, musamman 'yan farauta da 'yan tauri, suke haɗuwa. Daga nan ta zama sunan ƙungiyar da take riƙe da unguwa, tana da babba, kowa da inkiyarsa, ana faɗa da wata unguwa a kan iyaka ko ramuwar gayya. Haka tsarin yake a can: kowane reshe na Crips ko Bloods da sunan titi ko unguwa ake kiransa, shuɗi launin Crips, ja launin Bloods. Bambancin yana wurin makami da kuɗi, a nan wuƙa da adda da gora, a can bindiga da cinikin ƙwaya.

Tsohon Ɗan Jarida:
Malama, ban ƙi daba ba, amma ina da ja. Su kansu mawaƙan ba su suka raɗa wa abin wannan suna ba. Ice-T da mawaƙan ƙungiyar N.W.A suna cewa reality rap, wato gambarar zahiri, jaridun Amurka ne suka yayata gangsta a ƙarshen shekarun 1980. Kuma idan aka dubi lokacin, hujjarsu tana da ƙarfi. Dafaffiyar hodar iblis da ake shan hayaƙinta ta mamaye kudancin Los Angeles a tsakiyar shekarun 1980. 'Yan sandan birnin a ƙarƙashin shugabansu Daryl Gates suna fasa gidaje da mota mai sulke da aka ɗaura wa dogon ƙarfe a gaba, suna kwashe samari baƙaƙe da yawa a samame ɗaya. Waƙar nan ta 1986 da wannan ta buɗe: 'yan sanda a bakin ƙofa ƙarfe shida na safe, mai labarin ya sulale ta tagar baya, daga baya dai ya ƙare a kurkuku. A 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sanda suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King, a Afrilun 1992 gari ya kama da wuta bayan an sallami 'yan sandan. Mutanen da suka faɗi abin tun kafin duniya ta gani, a ce da su 'yan daba kawai, ina ganin an zalunce su. Ni gambarar zahiri nake so.

Malamar Adabi:
Yallaɓai, zahirin yana nan, amma ba shi kaɗai ba ne a cikin waƙoƙin. Akwai kuri da kisa, akwai zagin mata wanda ba a iya maimaita shi a gaban mutane, akwai kambama kawalci, shi Ice-T ma sunansa daga Iceberg Slim ya samo, tsohon kawalin da ya koma marubuci. Mata baƙaƙen Amurka irin su C. Delores Tucker sun yaƙi salon a shekarun 1990 saboda wannan. Idan muka ce gambarar zahiri mun wanke shi tas, mun kuma shigar da duk mai waƙar talauci ko zalunci cikin rukunin, har da Public Enemy, waɗanda gambarar siyasa suke yi. A ajiye gambarar zahiri a matsayin sunan da su suke kiran kansu da shi, a rubuta ta a inda ake ba da wannan bayanin.

Mai Haɗa Kiɗa:
Bari in shigo ta ɓangaren sutudiyo, don mai fassara zai ci karo da wasu kalmomin a hanya. Abin da Turawa suke kira bar shi ne layi ɗaya, bugu huɗu. Baiti yawanci layi 16 ne, amshi layi 4 ko 8. Gudun kiɗan irin wannan salo yakan tsaya wajen bugu 90 zuwa 100 a minti, don haka baiti ɗaya a bugu 90 yana cin daƙiƙa 43 ko kusa da haka. Ba a son gudu sosai saboda labari ake bayarwa, idan kiɗa ya haura 110 kalmomi sukan taka juna, mai sauraro ya rasa wa ya harbi wa. Waƙoƙin farko kusan ganga ce tsirara daga na'ura, sai murya. Ice-T da bakinsa ya ce daga Schoolly D na Filadelfiya ya ɗauko salon, daga waƙarsa ta 1985 mai suna P.S.K., wadda sunan wata daba ce ta unguwarsu.

Sample kuwa tsakure nake kira, kamar yadda ake cewa tsakuren jawabi a rediyo. Ana ɗauko tsohon faifai, a yanko layi ɗaya ko biyu, a daidaita gudunsa da gangar, a sa shi ya riƙa zagayowa. Na'urar SP-1200 da ta fito a 1987 daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, shi ya sa ake juya faifan da sauri lokacin ɗauka, sannan a rage gudunsa a cikin na'ura, abin da ya ba kiɗan zamanin wannan kaushin. Wurin da ake kuskure biyu ne. Idan yankan bai faɗa daidai kan bugun farko ba, duk zagaye sai an ji ɗan tuntuɓe, bayan layi 8 kuma ganga da tsakure sun rabu. Na biyu shi ne izini: tun shari'ar mawaƙi Biz Markie ta 1991, tsakure ba izini yana iya sa a janye faifai daga kasuwa, kuma izinin biyu ne, na mai naɗin sautin da na mai rubutun waƙar.

Dalilin kawo wannan: a faifan Power na 1988, Ice-T ya tsakuro Pusherman ta Curtis Mayfield, waƙar dillalin ƙwaya, ya gina I'm Your Pusher a kai, inda yake cewa shi kiɗa yake dillanci, a bar ƙwaya a sayi faifai. Murya ta ɗan daba ce, saƙon kuwa na hani ne. Kalmar da za a zaɓa dole ta bar wa irin wannan wuri.

Ɗan Damagaram:
Malamai, a tuna da mu na wannan gefen. A Damagaram ƙungiyoyin samari irin waɗannan palais ake ce musu, kalmar Faransanci. A Gombe 'yan kalare, a Bauci da Jos sara-suka, a Katsina ƙauraye. Amma duk cikinsu daba ce kaɗai ta zagaya ko'ina, saboda rediyo da finafinan Kano. Mutumin Maraɗi ko na Zango a Kumasi zai gane ta, kalare kuwa sai an yi masa bayani. Tambayata ita ce, me ya hana a ce waƙar ɓarayi ta zamani, tunda muna da Gambo?

Malamar Adabi:
Tambaya mai kyau, ɗan'uwa, kuma nan ne maganar take. Muhammadu Gambo Fagada maroƙi ne, ɓarayi iyayen gidansa ne, yana kiran sunayensu yana zuga su, su kuma suna ba shi. Haka Kassu Zurmi da 'yan tauri da mafarauta, haka Ɗan Anace da 'yan dambe. A waƙoƙin maza namu makaɗi daban, gwarzo daban. Shi kuwa mai gangsta rap ya haɗe biyun a baki ɗaya, yana cewa ni na yi, ni na harba, ni aka ɗaure, don haka ya fi kusa da kirari, inda namiji yake wasa kansa. Kuma ba 'yan daba ne suke ciyar da shi ba, kamfani ne da masu sayen faifai, waɗanda da yawansu samarin Turawa ne da ba su taɓa taka unguwar ba. Sata ma ɓangare ɗaya ce kawai ta abin da ake waƙa a kai.

Wannan "ni" ɗin shi ne tarkon mai fassara. Idan aka ce gambarar 'yan daba, Bahaushe zai ji cewa 'yan daba ne suke yin ta, kamar yadda waƙar manoma take nufin manoma ne suke rerawa ko su ake yi wa. Waƙar noma kuwa ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yana iya yin ta, jigon ne noma. To a ce gambarar daba. Jigonta rayuwar daba ce, mawaƙin kuwa sai an duba tarihinsa. Wasu 'yan daba ne na gaske, Snoop Dogg an san alaƙarsa da Crips na Long Beach. Ice-T ya sha faɗa cewa ya yi hulɗa da 'yan Crips, ya kuma yi sata da fashin shaguna kafin waƙa, amma ba a taɓa shigar da shi ƙungiya ba. Ice Cube kuwa makarantar zanen gine-gine ya tafi a Arizona. Harafi uku na 'yan ɗin nan idan aka saka su, an yanke wa dukkansu hukunci ɗaya.

Tsohon Ɗan Jarida:
Da wannan na gamsu, Malama, gambarar daba ta ɗauke abin da nake tsoro. Sai gargaɗi ɗaya ga mai fassara, don kusan kowa yana faɗawa ciki. Cop Killer, waƙar da ta tayar da ƙura a 1992, ba gambara ba ce ko kaɗan. Kiɗan jita ne mai ƙara na ƙungiyarsa Body Count, wanda ake kira metal. Shugaba George Bush babba da mataimakinsa Dan Quayle sun yi tir da ita, ɗan fim Charlton Heston ya karanta kalmomin a taron masu hannun jarin Time Warner, uwar kamfanin da ya fitar da faifan, a watan Yuli Ice-T ya janye ta daga faifan. A farkon 1993 ya rabu da Warner a kan hoton bangon faifansa na gaba, Home Invasion, ya fitar da shi ta hannun kamfanin Priority. A rubuta cewa mawaƙin gambarar daba ne ya yi ta, kada a ce waƙar gambarar daba ce.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai. Saura O.G., wato Original Gangster, sunan faifansa na 1991 kuma laƙabin da ake yi masa har yau. Tsohon ɗan daba ne, ko uban daba?

Mai Haɗa Kiɗa:
Ko ɗaya, Malam. Tsohon ɗan daba yana nufin wanda ya tuba ya bari, uban daba kuwa shugaba ne mai yara a ƙarƙashinsa. O.G. girmamawa ce ga wanda aka fara abin da shi kuma ya daɗe bai faɗi ba. A cikin waƙa tsohon hannu ya wadatar. Idan labarin unguwa ake yi, a ce na farkon daba ko manyan daba. Sunan faifan kuwa a bar shi yadda yake. Diss kuma zambo ne idan an kama suna, habaici idan ba a kama ba, kada a gauraya su.

Mai Fassara:
To ga yadda zai shiga rubutun, a gyara idan da gyara. "Ice-T tsohon hannu ne a gambarar daba, salon da su mawaƙan suke kira gambarar zahiri. Ya samu kyautar Grammy a 1991 tare da Quincy Jones, ya sake samu a 2021 da ƙungiyarsa Body Count. Tun shekarar 2000 yake fitowa a matsayin ɗan sanda a shirin talabijin na Law & Order: SVU." Mai yin ta kuma mawaƙin gambarar daba, jam'i mawaƙan gambarar daba.

Malamar Adabi:
Ya yi, Malam. A karon farko da kalmar ta fito a rubutu a sa gangsta rap kusa da ita sau ɗaya, don mai neman ƙarin bayani a intanet ya san abin da zai rubuta, daga nan a ci gaba da Hausar. A jimlar Grammy ta 2021 kuma a ƙara "a rukunin kiɗan metal", don kada a ɗauka da gambara ya ci ta.