Neman kalma: "blurb" da 'yan uwansa, kafin darasin gobe

Malamar Adabi: Assalamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe takwas ina da aji, takardar da zan raba kuwa har yanzu rabinta Turanci ne. Aikin kashi biyu ne. Na farko, kowane ɗalibi zai ɗauki littafi ya yi nazarin bangonsa: hoto, launi, haruffa, da ɗan rubutun nan na baya da ake kira "blurb". Na biyu, makon jiya sun tsaya gaban aji sun yi magana ta minti takwas-takwas a kan baitocin da na ba su, na naɗi muryoyinsu a waya, yanzu kowa zai saurari kansa ya ba kansa maki. Ga abin da ya tsaya mini: "blurb", "spine", "cover design", "oral commentary", "self-assessment". A taimaka, dare na yi.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Tsarin bango. Sharhin baka. Auna kai. "Spine" ki ce ƙashin baya. "Blurb" kuma taƙaitaccen bayani. Ki buga ki kwanta.

Tsohon Edita: Huɗu na yarda, na biyar ban yarda ba. Taƙaitawa ai faɗin labari ne daga farko har ƙarshe. Shi kuwa rubutun baya ɓoye ƙarshen shi ne sana'arsa, ya lasa maka zuma a baki ya janye cokalin. Kalmar ma da zolaya aka haife ta. Wani marubucin barkwanci ɗan Amurka, Gelett Burgess, shi ya yayata ta a 1907, da ya sa hoton wata mace a rigar littafinsa tana ta kwarara yabo, ya raɗa mata suna Belinda Blurb. To mu me muke ce wa yabon da ake kwararawa da ƙarfi, kowa ya san da gishiri a ciki, amma ana jin daɗinsa? Kirari. Kirarin bango, Malama.

Ɗalibar Digiri: Baba, kirari ai yana da sigarsa, gajerun jimloli masu kari. Wani rubutun bayan kuwa sakin layi biyu ne na zube, da tarihin marubuci a ƙasa. Me zai hana tsokaci?

Tsohon Edita: Mai tsokaci yana iya kushewa. Kin taɓa ganin bayan littafi ya kushe cikinsa?

Mai Zane: Ni ƙashin baya ne ya dame ni. Da an ce "baya", yaro zai juya littafin ya duba bangon baya. Abin da ake nufi kuwa siririn gefen nan da ke fuskantarka idan an jera littattafai a kanta, inda ake sa suna da tambarin kamfani. Ni doro nake cewa. Doron littafi.

Ɗan Gargajiya: Allah ya kyauta. Tun daga tushe kuka kauce. Bango na ɗaki ne. Kakanninmu da suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu suna da tadarishi, suna da gafaka, suna da zayyana. Aikin adon littafi zayyana ne, ba wani tsari ba. Sharhi kuma Larabci ne tsagwaronsa. Muna da feɗewa, muna da tarke. Yaro ya feɗe waƙa da baka, shi ke nan.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, idan za mu kori sharhi don Larabci ne, sai mu haɗa da littafi, da adabi, da nazari, da darasi, da ita zayyanar taka. Malama ta shiga aji gobe da me, da hannu?

Ɗan Gargajiya: Aron da ya kwana shekara ɗari biyar ya zama ɗan gida. Abin da nake ƙi shi ne wannan Ingausa da kuke koya wa yara. Jiya na ji wani yana cewa "dizayin ɗin koban ya haɗu". Masu Suwahili tun 1967 Tanzaniya ta kafa musu majalisar kula da harshe. Faransawa tun 1635. Mu kuwa sai a bari dare ya raba a zo ana tambaya a intanet.

Ɗalibar Digiri: To ai sharhi ma ya kwana, Malam. Kuma su Faransawan da ake misali da su ba su wahalar da kansu a nan ba, lissafi kawai suka yi. Bango shafi huɗu ne, gaba da cikinsa, baya da cikinsa, sai suka ce wa bayan "na huɗun bango", rubutun da ke kansa ma haka. Tadarishi kuwa warƙoƙi yake riƙewa waɗanda ba a ɗinke ba. Ba shi da doro, ba ya ɗauke da sunan marubuci, ba kuma don jan mai saye aka yi shi ba.

Ɗan Gargajiya: 'Yata, lokacin da nake buɗe tadarishi ba a haife ki ba.

Ɗalibar Digiri: Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma har yanzu ba shi da doro.

Mai Zane: A bar ni in kare tsari, don nan ne aikina. Zayyana ado ce, ƙari ne a kan abu. Aikin bango kuwa yanke shawara ne: me ido zai fara faɗawa a kai, sunan littafin ko na marubucin, wane launi, wane fili za a bari fayau. Ku duba littattafan farko na kamfanin ɗab'in Penguin na Ingila a 1935. Ban da ɗan tsuntsun tambarinsu babu hoto, sai ratsi uku a kwance, na tsakiya fari, launin sama da ƙasa shi ke gaya maka abin da ke ciki: ruwan lemo ƙagaggen labari, kore labarin aikata laifi, shuɗi mai duhu tarihin rayuwa. Babu zayyana ko ɗis, amma tsari ya kai tsari. Idan aka ce wa ɗalibi ya yi nazarin zayyana, da ya ga irin wannan zai ce ba abin nazari. Malama, ki kuma sa su duba salon haruffa. Sau nawa na ga taken da aka rubuta da haruffa masu kauri, sai ƙ ko ɗ ta fito siririya ita kaɗai kamar baƙuwa, saboda samfurin da aka zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, kwamfuta ta aro daga wani wuri.

Tsohon Edita: Duk wannan daidai. A koma kan kirari.

Malamar Adabi: Baba, a ɗan dakata, kashi na biyu ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na gwada da ɗaliba ɗaya ɗazu. Ta saurari muryarta, ta ba kanta tara cikin goma, dalilinta wai ba ta yi in-ina ba. Ni kuwa na saurara: minti shida tana maimaita abin da baitocin suka ce da wasu kalmomi, sai a minti na bakwai ta ambaci kamance ɗaya, ba ta ma faɗi aikin da ya yi a waƙar ba. Idan na rubuta "bayani", abin da za su yi ke nan. Shi ya sa feɗewar Malam ta ɗan burge ni, tana nuna a buɗe ciki a fito da jigo da salo da zubi.

Ɗan Gargajiya: Alhamdu lillahi, an samu mai ji.

Mai Fassara: Amma ba za ki sa "feɗewar baka" a kan takarda ba, sai ka ce aikin likita. Take ya zama sharhin baka, umarnin da ke ƙasa ya ce "feɗe baitocin". Kowa ya samu. Sai dai ki kula kada su ɗauka sharhi ne a kan adabin baka, ki rubuta "gabatar da sharhi da baka" sau ɗaya a sama.

Tsohon Edita: Na auna kai kuma, ko da yake na yarda ɗazu, ni da hisabin kai na ce. Ya fi sa tsoro, ba mai ba kansa tara.

Ɗalibar Digiri: Hisabi ya yi nauyi ga ɗan aji. Auna kai ya dace da auna fahimta da suka saba gani a ƙarshen darasi. Matsalar ɗalibar can rashin ma'auni ce. A ba ta tambayoyi: na kawo hujja daga baitin ko daga kaina? Na faɗi abin da salon ya haifar? A wane minti na fara sharhi na gaskiya? Ta rubuta mintin da lamba, ba inda za ta ɓuya.

Malamar Adabi: Na ɗauki wannan na mintin, na gode. Sha biyu saura kwata, ga abin da zan buga: tsarin bango, doron littafi, sharhin baka, auna kai. "Blurb" na rubuta rubutun bangon baya, sai na sa tambaya a ƙasa: "Wane kirari ya yi wa littafin, me kuma ya ɓoye?"

Tsohon Edita: Wato an sa shi a zaure, ba a shigar da shi cikin gida ba. To. Ki faɗa mini wanda yaran suka riƙe bayan mako biyu.

Mai Fassara: Doron nan dai har yanzu raƙumi nake gani.

Ɗan Gargajiya: Ni ban sa hannu a kan bango ba. A rubuta cewa ban sa ba.