Aiki da ƙungiyar agaji ta addini: kulawar nan da gaske ce ko daɗin baki ne?

Ummu_Biyu:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na yi intabiyu da wata ƙungiyar taimakon al'umma ta addini, marayu da zawarawa suke kula da su sai ɗan ɓangaren lafiya, kuma sun kira ni wai na fara wata mai kamawa. Albashin bai kai na kamfanin da nake yanzu ba amma wallahi yadda suka karɓe ni ya shiga raina, shugabar da kanta ta fito ta rako ni har bakin ƙofa tana tambayata yarana nawa, wa zai riƙe min su in na fito aiki, ni da shekarata huɗu a inda nake oga bai san ko ina da aure ba. Sai dai sau uku ina ƙirgawa suna ce min "mu nan ƴan uwa ne ba ma'aikata ba", toh maganar ce ta tsaya min a rai, na rasa daɗi zan ji ko tsoro. Wanda ya taɓa aiki a irin wajen nan ya faɗa min gaskiya dan Allah.

Anti_Mai_Fayil:
Wa'alaikissalam ƙanwata. Shekara shida na yi a irin wajen. Kulawar da gaske ce, ban da ƙari. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti sati uku ban taka ofis ba, babu wanda ya ce na cike fom, abokan aikina suka raba fayil-fayil ɗin iyalai arba'in da ke hannuna a tsakaninsu, direbanmu kuma kullum in ya tashi sai ya biyo ya zauna a bencin waje, ba ya ma shigowa, ya ce dai ko za a buƙaci mota cikin dare. Wannan har na mutu ba zan manta ba.

Amma fa a gidan da aka yi min wannan, a nan na yi shekara biyu ba ƙarin ko sisi kuma na kasa buɗe baki, saboda ta ina za ki fara, kin dawo daga gidan da yara biyar ke kwana a ɗaki ɗaya babu ƙyaure sannan ki shiga ofishin mutumin da ya je duba mamanki ki ce a ƙara miki kuɗi? Kunya ce take cin mutum, ba wanda ya hana ki magana. Ranar da na daure na yi sai aka ce min "ladanki na wajen Allah". Na ce haka ne, amma mai gidan haya ba ya karɓar lada. Aka yi dariya aka wuce, sai bayan wata biyar aka gyara.

Abin da zan ce miki, ki nemi takarda tun kafin ki saba da su, don da zarar an saba shikenan bakinki ya mutu. Awa nawa a rana, hutun shekara kwana nawa, hutun haihuwa, fansho, in an fita aiki ranar hutu ya ake yi. Sannan ki tambaya albashinki daga ina yake fitowa, wannan ita ce babbar tambayar da sababbi ba sa yi. Yawancin kuɗin da masu tallafi ke bayarwa ɗaurarre ne, an ce na shiri kaza ne na wata goma sha biyu ko shekara biyu, ba a isa a karkatar da shi ba, ranar da shirin ya ƙare kujerarki ta ƙare ko da duk ofis na son ki. Na ga an sallami mutane ana kuka, mai sallamar ma kuka take.

AbuHanan:
Malama Allah Ya sa albarka. Ni gyara ɗaya zan yi wa masu cewa aikin Allah ba a maganar kuɗi. A duba Suratut Tauba aya ta 60, cikin kashi takwas na waɗanda ake ba zakka na uku su ne masu aikinta, wato Alƙur'ani da kansa ya yanka wa ma'aikaci rabonsa. Ga kuma hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Don haka tambayar haƙƙinki ba ta taɓa ikhlasinki ba. Ƙungiyar agaji ta Islamic Relief da Dakta Hany El-Banna da abokansa suka fara a Birmingham a 1984, da tana tafiya ne da "a yi haƙuri don Allah" kawai ai da ba ta kai yau ba, sai da akawu da masu binciken kuɗi da kwantiragi a rubuce.

Dogo_77:
Hmm "mu ƴan uwa ne". Ɗan uwa ai shi ake aika ƙarfe goma na dare ba a biya shi kuɗin mota. Ni dai na faɗa.

Saratu_K:
Dogo ka ba ni dariya amma ba ko'ina ba ne. Ƴar uwa ni Kirista ce kuma a ƙungiyar coci nake, kusan rabin waɗanda muke fita aiki tare Musulmi ne. Muna addu'ar safe minti goma sha biyar, wanda ya ga dama ya shigo wanda bai so ba yana teburinsa, in lokacin sallah ya yi kuma ko a tsakiyar mitin ne ana dakatawa. Abin da zan ce ki lura da shi shi ne yadda suke yi wa mai karɓar taimako wanda ba addininsu ɗaya ba. Akwai ƙa'idar aikin agaji da aka fitar a 1994, Red Cross da manyan ƙungiyoyi irin su Caritas da Oxfam suka tsara ta, a ciki an ce taimako buƙata yake bi ba addini ko ƙabila ba, kuma ba a amfani da shi a ja mutum zuwa wata aƙida. Ki tambaye su ko sun sa mata hannu, in ƙanana ne ba su sa ba ki tambaya ta yaya suke zaɓen wanda za a ba. In sai mutum ya zauna wa'azi kafin a rubuta sunansa toh ki yi tunani, wanda ya yi wa mabuƙaci haka ke ma wata rana zai yi miki.

Kuma Malam AbuHanan mu ma muna da ita, Luka 10:7, ma'aikaci ya cancanci ladansa. Na taɓa karanta wa wani shugabanmu ita a gaban kowa, bai ji daɗi ba sam.

Sai gajiya. Ba ta jiki ba, ta zuciya. Akwai watan da in wayata ta yi ƙara gabana faɗuwa yake don na san wata ce za ta ce ɗanta ba lafiya. Ki tambaya ko suna da wanda ma'aikaci ke zama da shi ya sauke abin da ya gani, kuma kar ki ba da lambarki ta gida, na ofis ta isa.

Ummu_Biyu:
Na gode sosai Anti, na gode Malam, Saratu Allah Ya bar zumunci. Na kira su ɗazu na tambayi maganar kuɗin, ashe na shirin wata goma sha takwas ne kuma har an ci huɗu, sun ce suna sa ran sabuntawa. Takardar kuma shugabar ta ce na zo ranar Litinin mu karanta tare layi-layi, ba ta nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Anti, wata goma sha huɗu ya isa mutum ya bar aikin dindindin kuwa?

Anti_Mai_Fayil:
Kar ki ajiye na hannunki sai kin ga takardar. In kin je ki tambayi mai gadi ko direba shekararsa nawa a wajen, ki dawo ki faɗa min.